Isiyaku Akawu da Layin Baba Gaji

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Malam Isiyaku Akawu makwancinsa a Nguru. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwanci. A zamanin da muke tare, mu biyar mukan zauna jiran amsar mutum ɗaya har mako uku, ba wanda ya yi tsaki. Yau ina ganin magidanta da furfura a gemu suna tura saƙo a waya, in an yi minti biyar ba a amsa ba su bi shi da alamar tambaya guda uku, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki.

Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba. Abin da ya tayar da ni wata hira ce da na ji a rediyo a watan jiya. Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gashuwa, Nasiru, wanda yanzu ba ya amsa suna sai an haɗa da Honarabul, ya yi rabin awa yana bugun ƙirji wai shi ya fara kawo wasan labari na intanet arewacin Yobe. Bai ambaci Isiyaku ba. Bai ambaci Baba Gaji ba. To ni zan ambace su, tunda ina wurin.

Na yi shekaru ina fataucin ƙaro da fatu, sana'ar da ta kai ni Difa da Njamena da Khartum, har bakin teku a Faransa. A can na fara ganin wasan. Ma'aikatan wani ɗakin ajiyar kaya ne kan kewaye tebur ranar Lahadi. Ɗaya yana riƙe da labari, shi yake faɗin inda ake da abin da ke tafe. Sauran kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, shi kaɗai yake faɗin abin da mutumin nan ya yi. In aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ɗayansu ya gaya mini waɗanda suka yi nisa da juna ta wasiƙa suke yi.

Da na dawo Nguru a farkon shekarun casa'in, na ba Isiyaku labarin don mu yi wa Turawa dariyar rashin aikin yi. Bai yi dariya ba. Shi akawu ne a rumbun kaya na tashar jirgin ƙasa, a lokacin da jirgi ya fara yi wa garin zuwan ganin dama, sai ya wuni a ofis daga shi sai ƙudaje. Kwana biyu bayan hirar ya zo rumfata da wani babban littafi mai bangon kwali, ya riga ya cika shafi shida. Labarin wani ayarin fatake ne da ya nufi Tsibirin Jan Kanwa, wurin da babu shi a kowace taswira sai a kan Isiyaku.

Ɗan lido kam ya ƙi shi, ya ce ba za a gan shi da kayan 'yan caca ba. Ya samo ƙwallayen dabino shida, ya yi musu zane daga ɗaya zuwa shida, yana zuba su a hularsa. In ana bukatar ƙuri'a sai ya miƙa hular ga duk wanda ke kusa, mai shayi ko mai wankin takalmi, ya zaro ɗaya, a rubuta sunansa a gefen shafi a matsayin shaida.

Mu huɗu muka riƙe mutane a labarin. Ni da Modu Tela muna Nguru. Baba Gaji, masunci Babade mai bandar kifi, yana Gashuwa. Daga baya Nasiru ya shigo, shi ma a Gashuwa, yana ɗan shekara talatin da wani abu. Littafin kan bi motar haya tsakanin garuruwan biyu, a ƙarƙashin kujerar direba, a naɗe cikin leda. In ya dawo daga hannun Baba Gaji, tun kafin ka kwance ledar warin banda ya gaishe ka.

Dokokin Isiyaku biyu ne, kuma su ne duk abin da wannan rubutu ya ƙunsa. Ta farko, layi da shekaru yake tafiya: Baba Gaji ya rubuta, sannan ni, sannan Modu, sannan Nasiru, daga nan Isiyaku ya rubuta abin da ya biyo baya. Ta biyu, ba mai taɓa mutumin wani. Ko da labari zai tsaya cik, ba ka da ikon ɗaga wa mutumin wani hannu balle ka sa masa magana a baki. Na zauna a majalisun Shuwa a Chadi da na Barebari a Difa, na ga yadda ƙarami kan haɗiye maganarsa har babba ya gama, ko da babban shirme yake yi. Isiyaku wannan tarbiyyar ya ɗauko ya sa a wasa, kuma ban ga ta rage wa wasan komai ba.

Mutumin Baba Gaji sunansa Ɗan Gora, mai fito, wanda ya san kowane ruwa da ayarin zai ƙetare. Da ajami yake rubuta layinsa, da tawada da alƙalamin kara, yana cusa kalmomin Badanci inda Hausa ta gaza masa. Ni ake kawo wa in warware. Bai taɓa wuce layi biyar ba, amma a cikin layi biyar ɗin sai ka ji sanyin ruwa a ƙafarka. Matsalarsa ɗaya ce: in ruwa ya cika, yakan shige fadama wajen kamun kifi ya yi makonni. Littafi sai ya zauna a gidansa. Mu kuma mu jira. Ni da Modu mukan yi ta gardama a shagonsa kan abin da tsohon zai rubuta, Modu yana taka keke yana rantsuwa da Barbarci. Shekara goma sha biyu muna haka, ayarin bai isa tsibirin ba, kuma ba wanda ya damu. Ban da Nasiru. Shi da yake na ƙarshe, kullum fuskarsa kamar wanda aka bari a tasha.

A tsakiyar shekarun dubu biyu aka buɗe kafe ta shiga intanet a Nguru kusa da kasuwa, wata kuma a Gashuwa, da faranti a kan rufi da janareto yana tari a baya. Nasiru ya gano wani dandali a intanet inda ake irin wasanmu da rubutu, kowa ya shiga ya ajiye nasa a ƙarƙashin na wani. Ya zo har Nguru ya yi mana huɗuba. Ni na mara masa baya. In faɗi gaskiya, daɗi na ji a ce abin da na gani a Turai ya iso mu.

Ranar farko Isiyaku da babbar riga ya je kafe, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka buɗe masa imel. Aka ce ya zaɓi sunan shiga, ya ce sunan da mahaifinsa ya raɗa masa bai tsufa ba. Aka ce ya sa kalmar sirri, ya faɗe ta da ƙarfi har mai gyaran janareto ya ji. Nasiru ya nuna mana shafi biyu da ya buɗe: ɗaya na labari, ɗaya na hirar gefe, inda ake tambaya da gyara. Kowa aka ce ya cika bayanin mutuminsa, sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da rauninsa. Ƙuri'a kuma kwamfuta ce za ta riƙa yi. Isiyaku ya tambaya wa zai zama shaida, aka ce ba a bukata. Ya kalli allon, ya mai da hularsa kansa. Da yatsa ɗaya ya buga saƙonsa na farko, layi takwas na gaisuwa, ya tambayi iyalin mutanen da bai taɓa gani ba, awarsa ta ƙare kafin ya kai ga labari.

Cikin wata ɗaya baƙi shida suka shigo, daga Kano da Damagaram da wani ɗalibi da ke karatu a ƙasar waje. Duka shidan 'ya'yan sarakuna suka zaɓa, kowa da takobi, kowa kibiya ba ta kama shi. Ba mai dafa wa ayari abinci, ba mai kula da raƙuma. Baba Gaji kuwa ya ci gaba da rubuta nasa da ajami a takarda, yana aika wa Nasiru ya buga masa. Akwai kuma abin da ba mu lura da shi ba sai daga baya. Dandalin yana da ƙa'ida cewa wanda ya yi kwana bakwai bai rubuta ba, ana iya ci gaba ba shi. Kuma tunda Nasiru ya buɗe shafin, makullin gogewa da matsar da rubutu a hannunsa yake, ba a hannun mai riƙe da labari ba.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. A cikin labari ayari ya iso bakin kogi na ƙarshe, tsibirin yana hange, kowa yana jiran Ɗan Gora ya ce a shiga jirgi ko kada a shiga. Layin Baba Gaji ne, shi kuma yana fadama. Kwana bakwai suka wuce. 'Ya'yan sarakuna suka cika shafin hira da ƙorafi. A rana ta tara Nasiru ya rubuta layin tsohon da kansa. Ya sa Ɗan Gora ya tura jirgi, igiyar ruwa kamar tsauni ta kifar da shi, wani ƙaton kifi mai haƙora ya ja shi ƙasa, sauran duka suka yi iyo suka haye lafiya.

Isiyaku ya rubuta a shafin hira cewa a goge. Nasiru ya ce a kaɗa ƙuri'a. Baƙin shida suka ce a ci gaba. Modu ya ce a goge. Ni, mai harsuna shida da fasfo cike da hatimi, na rubuta cewa haka ake yi a ko'ina a duniya, kada mu zama abin dariya. Na ce a ci gaba.

Da la'asar Isiyaku ya same ni a rumfa da takarda da ya sa aka buga masa a kafe.

"Alhaji Sule, gobe da safe ka shirya, za mu Gashuwa."

"Akawu, ruwa ya cinye hanya."

"Na sani. Kai za ka karanta wa Baba Gaji, tunda kai ka san yadda ake yi a duniya."

Mota ta kai mu inda kwalta ta ɓace a ruwa, muka hau kwalekwale, muka sake hawa wata motar. Muka kwana a Gashuwa. Washegari wani masunci ya ratsa da mu cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a shekarun, yana sara yana turawa, har wajen azahar. Isiyaku yana da ciwon ƙafa, amma haka ya daure. Muka tarar da Baba Gaji a wani tudu yana juya kifi a kan banda, idonsa ja saboda hayaƙi.

"Akawu! Mai yawon duniya! Wa ya mutu?"

"Zauna, Baba," in ji Isiyaku. "Alhaji zai gaya maka."

Na karanta. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in maimaita wajen igiyar ruwa.

"Kamar tsauni? A kogi?" Ya kalli masuntan da ke gefe, suka fashe da dariya. "Yaron nan ya taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti kuwa? Kuma wane kifi ne wannan? Mu nan shekara sittin muna neman irinsa mu yi banda."

Ya yi dariyar har da tari. Da ta ƙare sai ya juyo ga Isiyaku.

"Akawu, da yardarka aka yi?"

"Ba da yardata ba, Baba."

"Kai fa, Alhaji?"

Na ce da yardata. Na fara yi masa bayanin ƙa'idar kwana bakwai da yadda ake yi a waje. Ya ɗaga hannu.

"A Faransa in mutum ya tafi neman abincin iyalinsa, sai a kashe shi kafin ya dawo?"

Ya aika aka ɗauko masa tawada a bukka, ya juya bayan takardar, ya rubuta layinsa a kan gwiwa. Layi huɗu ne. Ɗan Gora ya sa ƙafa a ruwa, ya dubi launinsa da irin ciyawar da yake ɗauke da ita, ya ɗaure jirginsa a jikin giyayya, ya ce yau ba fito, gobe ma babu, sai ruwa ya sauka taku biyu. Mai sauri ga kogi nan. Tsohon ya miƙa wa Isiyaku takardar, ya cika mana leda da kifi, ya koma bakin bandarsa.

A kafen Gashuwa muka tsaya a hanyar dawowa. Kwana uku kacal da barinmu Nguru, amma shafin labari ya yi tsawon da sai da muka gaji da gangarawa. 'Ya'yan sarakuna sun shiga tsibirin da muka yi shekara goma sha biyu muna nufa, sun kashe dodo, sun kwashe zinariya, biyu sun auri 'ya'yan aljanu. Duk wannan ba tare da mai riƙe da labari ya rubuta harafi ɗaya ba. Isiyaku ya zauna, ina karanta masa ajamin yana bugawa da yatsa ɗaya. Yana gamawa Nasiru ya shigo da makullin babur a hannu, ya duƙa ya gaishe mu kamar mutumin kirki, ya leƙa allo.

"Baba Akawu, ai wannan ya makara. An wuce nan tun shekaranjiya."

"Layinsa ne, Nasiru."

"Na sani, Baba, amma mutane goma ba za su tsaya saboda mutum ɗaya yana kamun tarwaɗa ba. Zamani ya canja. Sai dai ya buɗe sabon mutum, ni zan taimaka masa."

"Shekara nawa ka yi kana cin kifinsa kyauta?"

Nasiru ya yi murmushin da har yau yake yi a allunan kamfen. Kafin mu isa tasha ya matsar da layin tsohon zuwa shafin hirar gefe, ya rubuta a ƙasa cewa an ajiye shi don tarihi.

Isiyaku bai yi faɗa ba. Da muka koma Nguru ya shiga kafe sau ɗaya, ya rubuta cewa ya sauka daga riƙon labari, ya yi wa kowa sallama da sunansa, ya fito. Na ce masa mu koma wa littafi mu huɗu. Ya aika wa Baba Gaji, tsohon ya aiko da amsa ta bakin direba cewa wanda ruwa ya ci a gaban mutane goma ba ya dawowa, a gaishe da Akawu. Shafin Nasiru kuwa bai kai sallar layya ba. Bayan an kwashe zinariya ba wanda ya san abin da zai rubuta, kuma dama ba mai karanta na wani. Wannan shi ne abin da Honarabul ya kawo arewacin Yobe.

Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce da ya ga yau. Bara wani ɗan'uwa ya jefa ni cikin wani zauren waya inda ake irin wasan. Mutum arba'in, kowa jarumi, kowa yana rubutu a kan na wani kamar awaki a bakin kwatami. Wani ya ce matarsa na asibiti zai yi kwana biyu, kafin magariba an raba dokinsa da takobinsa. Na ga masu digiri suna yi wa sabbin shiga bayanin yadda ake fara wasa: ka yi rajista, ka cika bayanin mutuminka, ka riƙa rubutu kullum don kada a bar ka a baya. Ba wanda ya ce musu su karanta na wanda ya riga su. Ina jin Isiyaku ba zai ce komai ba. Zai yi gaisuwarsa layi takwas, ya jira a amsa, in ba a amsa ba ya tashi.

Ba na sa kaina a gefe. Nasiru bai san komai ba sai gaggawa, ni kuwa na san abin da ake rushewa, na ɗaga hannu don kada baƙin da ban taɓa gani ba su ce mu ƙauyawa ne. Na yi yawo na ga yadda ake yi a ƙasashe da dama, ban tsaya na tambayi ko namu ya fi ba. Isiyaku bai taɓa wuce Kano ba, kuma shi ya ratsa kacala da ciwon ƙafa don ya karɓo layi huɗu daga hannun mai su. Bai sake tayar mini da maganar ba har ya rasu, muka ci gaba da shan shayi tare, kuma wannan shirun ya fi mini zafi.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a rediyo ba. Modu ya bi shi bayan shekara uku, Baba Gaji ma ya tafi. Abin da ya rage nasa shi ne ni, tsoho ɗaya da in ana hira a majalisa wani ya katse wani, sai in ce a bari ya gama, matasa su kalle ni kamar na yi Faransanci. Wasan bai mutu ba, ya ma fi da yawan masu yi, daga Nguru har Gashuwa har Dapchi. Amma tun ranar da aka nutsar da Ɗan Gora mai shi yana fadama, ban sake ganin an tsayar da labari don a jira mutum ɗaya ba.